Na Kai wa Inna Allura a Kan Mashin

Funtua

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana idar da salla, na turo mashin waje. Tsakiyar damina ce, ruwa ya kwana yana zuba. Mahaifiyata, Inna, tana ƙauyenmu a bayan Dayi, allurarta ta ciwon sukari ta ƙare kwana biyu ke nan, ƙanwata Hauwa kuma ta bugo waya cewa jikin ya fara rikicewa. Na sa kwalaben allurar cikin filas mai ƙanƙara, na rataya a ƙirji.

Ni tela ne, iyakar tuƙina daga gida zuwa shago, a kan kwalta. Shi ya sa Kawu Isiya, ƙanen Inna, ya ce sai ya bi ni. Ya daɗe yana acaɓa a hanyoyin ƙauye kafin ido ya hana shi.

"Kai ka duba hanya," in ji shi, "ni in faɗa maka abin da za ka yi da ita."

Bakori zuwa Tsiga

Shida saura kwata muka wuce Bakori. A shingen jami'an tsaro wani ya nuna filas ɗin.

"Shayi ne?"

"Magani ne, ranka ya daɗe."

Ya buɗe ya leƙa, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Saura kamar kilomita ɗaya mu shiga Tsiga, tirela na biye da mu, sai na ji fas! Tayar baya ta fashe. Mashin ya shiga karkaɗa gindi kamar kifi a tudu. Ƙafata ta nufi birki, Kawu ya daka mini tsawa a kunne:

"Kada ka taka! Saki mai, riƙe kan da kyau!"

Na riƙe. Hon ɗin tirelar ya cika mini kai, ban san sanda na fara salati ba. Mashin ya rage gudu da kansa, muka gangara gefen titi, tirelar ta wuce ta watsa mana ruwan kwata har fuska. Na sauka na zauna a ƙasa.

Muka tura har Tsiga. Mai faci ya zaro ƙusa mai tsawon yatsa, ya ci mana minti arba'in. Kawu ya sha koko da ƙosai. Ni kuwa na tsaya a kan mai faci, rungume da filas.

Malumfashi da Dayi

Takwas da kwata muka sha mai a Malumfashi, na ƙara ƙanƙara a filas. Tara muna Dayi. Daga nan kwalta ta ƙare mana, saura kilomita goma sha biyu na jar ƙasa. Mai shayin da ke bakin mararraba ya dube mu ya ce:

"Malam, tun jiya ba mashin ɗin da ya fito daga can. Ko rafi ne ya cika, ko mutanen daji ne, ba mu sani ba."

Na dubi Kawu. Ya ce, "Yaya tana jira. Tada."

Hanyar ƙauye

Dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, ba ka ganin komai sai taɓo a gabanka. Kawu na ta magana: in zauna a giya ta biyu, in bi inda ciyawa take, birkin hannu kuwa in manta da shi. Mun yi kamar rabin tafiya sai na ji ƙarar mashina da yawa, daga cikin gona, suna nufo mu. Maganar mai shayi ta faɗo mini. Na hango na gaba ya ɓullo, da wani dogon abu saɓe a kafaɗa. Hannuna ya damƙe birkin nan da aka hana ni.

Tayar gaba ta zame. Sai ga ni kwance cikin taɓo, na rungume filas, mashin kuma ya danne ƙafar Kawu, salansar mashin mai zafi a kan ƙwaurinsa. Ban taɓa jin Kawu ya yi ƙara ba sai ranar. Na yunƙura na ɗaga mashin ɗin, bayana ga masu zuwa, ina jiran abin da zai sauka a kaina.

"Subhanallahi! Ku kama masa!"

Manoma ne, su shida, za su gayya. Abin da na gani a kafaɗa ƙotar fartanya ce.

Fatar ƙwaurin Kawu ta saɓule kamar faɗin tafin hannu. Na buɗe filas, kwalaben lafiya lau. Na ce bari in zuba masa ruwan ƙanƙarar, ya riƙe hannuna.

"Wannan sanyin na Yaya ne. Rufe."

Suka zuba masa ruwan jarkarsu. Dattijon cikinsu ya matse tayar gaba a tsakanin gwiwoyinsa ya miƙe kan mashin da ya karkace. Suka raka mu zuwa rafi, muka tarar ya cika har ƙugu. Suka zura itace a jikin mashin, mutum huɗu suka ƙetarar da shi, ɗaya ya goya Kawu. Ni na bi su da filas a ka, ruwa na fizgar ƙafafuna.

Gidan Inna

Sha ɗaya da minti goma muka yi sallama. Inna na kwance, leɓɓanta sun bushe, ba ta gane ni ba. Hauwa ta yi mata allura, ma'aikacin lafiya na ƙauyen ya duba ta, ya ɗaure ƙafar Kawu. Na zauna a bakin ƙofa ina sauraren numfashinta har la'asar. Can ta buɗe ido ta ga ƙanenta da bandeji, ta ce da ƙyar:

"Isiya, kai har yanzu ba ka girma ba?"

Kawu ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa, na kwana a zaure.

Komowa

Washegari na bar Kawu yana jiyya. Rafi ya janye, na taho ni kaɗai a giya ta biyu har Dayi, na iso Funtua ƙarfe ɗaya na rana. Kwana uku ina shago, saboda firgicin hanyar nan ban iya zura zare a allura ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da ni. Manoman nan shida kuwa, saboda ruɗewa ko sunan ɗaya ban tambaya ba. Allah ya san su, ya sa albarka a gonakinsu.