Ranar da Inna ta kai takwararta gaban na'ura

Shekarun baya can, zamanin mulkin kezan, kamar yadda muke kiran masu riƙe da ƙasar a da, lokacin da mutum kan waiga kafin ya soki ma'aikacin gwamnati, aka kawo kwamfuta asibitin unguwarmu a birnin Gadarif. Ni ina ɗinki a kasuwa, mahaifiyata kuma duk wata takan je karɓar maganin hawan jini.

Wani zuwa da ta yi sai aka ba ta wasu ƙwayoyi daban. Ta tambaya, mai ba da magani ya ce abin da na'ura ta nuna ke nan. Ta sha na 'yan kwanaki. Ranan da hantsi aka aiko mini wai ta zube a tsakar gida, gumi na karyo mata. Shayi mai sukari da maƙwabciyarmu ta ɗura mata ne ya dawo da ita. Da muka nuna wa wani likita ƙwayoyin, ya ce na ciwon suga ne, ita kuwa ba ta da shi.

Muka koma asibiti. Magatakardan da ke zaune gaban kwamfutar ya juyo mana da fuskarta.

"Ya Hajja, ga sunanki, ga na mahaifinki, ga ranar haihuwa. Ciwon suga. Mazauni, garin Doka."

"Ɗana, ni ban taɓa kwana a Doka ba."

Ashe mata biyu ne masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya. Ranar haihuwa kuwa duk wanda ba shi da takarda farkon shekara ake rubuta masa. Da ake kwashe katunan mutane ana zubawa a na'ura, sai aka haɗe su wuri guda. Magatakardan ya ce malesh, wato mu yi haƙuri, shi shigarwa kawai aka ba shi iko, gyara sai daga sama.

Ni har na gode masa, na ce za mu sayi namu maganin a waje. Sai Inna ta ce, "To ni na sha nata. Ita me take sha?"

Washegari ta sa na rufe shago muka hau babbar mota zuwa Doka. Lokacin yankan dawa ne, gari cike da leburori. Muka bi bukkoki tana faɗin sunanta da na ubanta, mutane na kallonta kamar ta zare. Ni dai ina biye da ita riƙe da gorar ruwa, ina addu'ar kada mu gamu da wanda ya san ni. Can wajen la'asar aka nuna mana wata mai dafa wa leburori abinci. Muka same ta kwance, ƙafa a kumbure an naɗe da tsumma. Ta ce ta je birni karɓar magani, aka ce mata na'ura ta nuna ta riga ta karɓa, har wani ya kira ta mai haɗama.

Inna ta ce, "Tashi, takwara. Mota na jira."

Da safe suka tsaya gaban tagar magatakarda, ɗaya na dafe da kafaɗar ɗaya.

"Ga mu nan," in ji Inna. "Ƙirga mu. In mutum ɗaya ne, mu tafi."

Ya ce su dawo wani makon. Inna ta shimfiɗa tabarma nan bakin tagar ta zaunar da baiwar Allah. Mai gadi ya zo yana cewa za a kira jami'an tsaro. Na sunkuya na ce, "Inna, don Allah mu tafi, kin san ƙasar nan."

"Kai tafi ka yi ɗinkinka. Su zo. Sai su faɗa mini wacce za su kama a cikinmu, tunda ɗaya ce."

Layi ya ɗauki dariya, daga nan kuma aka fara guna-guni. Wani tsoho ya ce shi ma an rubuta shi mace mai ciki. Hayaniyar ta fito da shugabar asibitin. Ta dubi ƙafar nan, fuskarta ta canja. Ta sa aka shigar da matar ɗakin wanke ciwo, ita kuma ta tsaya kan waya tana faɗa da na sama har aka ba ta ikon gyarawa. Inna ba ta naɗe tabarmarta ba sai da aka karanta mata bayanan kowacce dabam.

Takwararta ta rasa yatsa ɗaya, amma ƙafar ta tsira.

Har yau ba na gaba da kwamfuta, na san tana rage wahala. Amma abin da aka zuba mata shi take amayarwa, kuma talaka ne ke haɗiye kuskuren. Shi ya sa duk asibitin da na je sai na ce a karanta mini abin da aka rubuta a kaina. Wasu su tsuke fuska, wasu su yi tsaki. Sai in gyara tsayuwa in ce ba na sauri, jikin nawa ne.