Adakar da Safi Ta Saya Don Zuwa Badun

Safi 'yar Bambeye ce, aure ya kawo ta Tawa. Mijinta Yunusu manomi ne, da rani kuma yakan yi yasar rijiyoyi. Ta haifa masa 'ya'ya biyar, huɗu suka koma tun suna goye, ɗaya ya tsaya, shi ne Isufu. Shekarar da fara ta cinye gero, Yunusu ya kora jaki kudu neman hatsi, ya dawo da zazzaɓi, bai ga girbi ba. Daga nan Safi ta kama saƙar tabarmar kaba, da ita ta ci da kanta da ɗanta. Ba ta sake aure ba. Duk wanda ya san kasuwar Tawa a wancan zamani ya san wurin zamanta, gabas da masu gishiri, tabarmi jingine a bayanta.

Isufu yana da shekara goma sha tara lokacin babban yaƙin Turawa. A lokacin ana kwasar samari aikin dole, fasa dutse da gyaran hanyar mota. Ya yi wata uku a can, ya dawo a rame. Da ya ji za a sake zuwa rubuta sunaye, sai ya bi wani garken shanu da ake korawa kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Uwarsa kaɗai ya yi wa sallama. Ya ce mata damina biyu zai yi. Ya yi bakwai.

Labarinsa yakan zo a bakin fatake. Sun ce yana Badun, ƙasar Yarabawa, yana aiki a kasuwar shanu. Sau biyu ya aiko mata da turmin atamfa, sau ɗaya da goro. An daina aikin dolen, wasu samarin suka komo gida, shi bai komo ba.

Bayan girbin 1949, wani mai fataucin shanu ɗan Kalfu, Alƙasum, ya yi sallama a ƙofar gidanta da takarda a hannu. Ta kai wa malamin unguwa ya karanta. Isufu ne. Ya ce wata biyar ke nan yana tari, yanzu har da jini, ba zai iya hanya ba. Ya ce, "Inna, in da hali ki zo."

Alƙasum ya ce nan da kwana goma zai koma, in za ta bi shi. Mota za su shiga zuwa Ƙwanni, daga nan Sakkwato, sai Gusau, inda za su hau jirgin ƙasa. Safi ba ta taɓa wuce Bambeye ba. Ta ce za ta je. Ta sayar da awakinta da tabarmin da ta tara, Alƙasum kuma ya karɓo mata takardar ƙetare iyaka a ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin Tawa.

Saura abin zuba kaya. Maƙwabcinta Attaher, da ake kira Kafaran don muƙaminsa na kofur, tsohon soja ne, Buzu, wanda ya hau jirgi daga Bamako har Dakar lokacin yaƙi. A unguwar shi kaɗai ya san yadda cikin jirgi yake. Da ya ji zancen tafiyar, sai ya shigo da wani ɗan akwatin kwali mai launin ƙasa, irin wanda sojoji ke kira waliz, ya ajiye a gabanta.

Ya ce, "Uwar Isufu, ga wannan aro. Shi ne daidai jirgi."

Ta buɗe, ta duba cikinsa, ta rufe. Ta ce, "Kafaran, mi za ya shiga nan? Zane biyu sun cika shi."

Ya ce, "Zane biyun su ne tahiya. Jirgi ba raƙumi ba ne. Benci ne na katako, mutane maƙil. Kayanki ko dai ya shiga ƙarƙashin benci, ko ya hau wani ɗan katako bisa kanki. Abin da ya wuce kamu ɗaya da rabi ba shi da wuri. Kuma ki ɗauki abin da za ki iya ɗagawa ke kaɗai, don wata tashar jirgi ba ya jiran kowa."

Safi ta ce, "Shekara bakwai ban gan shi ba. Yana kwance cikin mutanen da ba su san hura ba. In je mai hannu wofi?"

Attaher ya ce, "Ke yake son gani."

Ta yi masa godiya, ta mayar masa da akwatinsa.

Ranar kasuwa ta je rumfar wani mai kawo adaka daga Kano, akwatunan kwano masu fenti. Iri uku ne. Ƙaramar mai ɗaukar kayan jariri ce, matsakaiciyar za ta kai kamu ɗaya da rabi, babbar kuwa, mai shuɗin fenti da jajayen furanni, ta haura kamu biyu. Ta daɗe tana shafa matsakaiciyar. Ta tsaya tana tuna abin da za ta kai, ta ga ba za ta ɗauke ba. Ta sayi babbar.

Ta yi kwana uku tana shirya ta. Ta zuba surfaffen gero a buhun saƙi, da cuku da ta saya wurin matan Buzaye, da kilishi, da man shanu a ƙaramar gora, da busasshen ganyen tafasa. Ta sa sassaƙe da jiƙe-jiƙen tari da wata tsohuwa ta haɗa mata a Bambeye, da rubutu busasshe daga malamai uku. A sama ta shimfiɗa babbar rigar Yunusu, wadda ta ajiye shekara goma sha takwas tana jiran ranar auren ɗanta. Da ta rufe, ta kasa motsa ta. Maza biyu suka kai ta tashar mota. Attaher ya raka su, ya ga yadda ake ɗora ta, ya yi musu addu'ar sauka lafiya.

Kwana biyar suka yi kafin Gusau. Lokacin cinikin gyaɗa ne, tashar jirgi cike da buhuna da mutane. Safi ta ga jirgin da idonta, baƙi, yana huci, ta kama bakin rigar Alƙasum. Suka ɗauki adakar har ƙofar tarago. Ta shiga ƙofar da ƙyar, amma ta ƙi shiga ƙarƙashin benci, ta tare hanyar wucewa. Mutane suka fara surutu. Wani ma'aikaci mai gajeren wando ya zo ya ce a sauke ta, wurinta taragon kaya. Da suka je can, an riga an cika shi an rufe. Aka ce za ta biyo su a jirgi na gaba.

Mai rubutu ya tambaya ina za a kai ta. Alƙasum ya ce, "Rubuta Badun."

Safi ta ce, "A'a. Ba ka ce a Zariya za mu sauya jirgi ba? A kai ta can. In gan ta da idona, mu wuce tare."

Alƙasum ya ce, "Inna, a bari ta iske mu Badun ya hi sauƙi."

Ta ce, "In ta ɓace tsakani fa, wa zan tambaya, da wane harshe?"

Aka rubuta Zariya, aka ba ta wata 'yar takarda mai lamba, ta ƙulle a bakin zane.

A Zariya jirgin Gusau na gaba ya zo, babu adaka. Jirgin kudu kuwa washegari zai tashi. Alƙasum yana da shanu a hanya da za su riga shi isa, ba shi da halin tsayawa. Ya zauna kusa da ita a gindin wata bishiya, ya yi ta lallashi.

Ya ce, "Inna, na ga yaron nan da idona. Ba jikin jira ne ba. Mu tahi, kaya su biyo baya."

Ta ce, "Maganin yana ciki. In na je ba magani, mi na je yi? Kwana biyu ne kawai."

Ya ga ba za ta motsa ba. Ya kai ta wurin wata mai sayar da tuwo a bayan tasha, Habi, mutuniyar Adar da ta daɗe a Zariya. Ya faɗa wa Safi sunan unguwa da sunan mai masauki a Badun har ta haddace, ya hau jirgi.

Kwana biyun suka zama goma sha ɗaya. Kullum da safe Safi takan je ma'ajiyar kaya ta miƙa 'yar takardarta, a duba, a girgiza kai. Ta dawo ta taya Habi wanke kwanoni. Jirgin kudu ya tashi sau huɗu a gabanta. A na uku Habi ta ce mata, "Yaya, ki bar mini takardar ki tahi, in ta zo in aiko miki." Safi ta kai har bakin tarago, ta sa ƙafa ɗaya, sai ta ji kukan wani jirgi daga arewa, ta sauko da gudu. Gyaɗa ce ya kawo.

Ranar da adakar ta iso, gefenta ɗaya ya lotsa, amma kwaɗon yana nan. A wannan karon aka sami wuri a taragon kaya na jirgin da za ta hau. Tafiyar ta ci kwana biyu. A kowace tasha sai ta leƙa ta taga ta ga ko ana sauke shuɗin akwati. Ba ta lura da ƙasar da suka ratsa ba, sai dai ta ji iska ta yi nauyi, zanenta yana manne mata a jiki.

Da hantsi suka isa Badun. 'Yan dako biyu suka ɗauki adakar, ta bi su har unguwar Hausawa, gidan Malam Tanimu, mai saukar da fataken shanu. Ta iske shi a zaure. Da ta faɗi sunanta, sai ya miƙe, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Ya jira ta sha.

Ya ce, "Inna, sai haƙuri. Ran Talata muka kai shi."

Ranar nan kuwa Asabar ce. Safi ta dube shi, ta dubi ƙwaryar ruwan. Ta ce, "Ya san ina hanya?"

Ya ce, "Alƙasum ya gaya masa kina Zariya. Ya ji daɗi ƙwarai. Kullum sai ya sa a jingina shi a ƙofar ɗaki, yana duban hanya. Daga baya ya daina iya zama."

Ba ta yi kuka a zauren ba. Aka kai ta ɗakin da ya kwanta. Ba mata, ba ɗa. Abin da ya bari riga biyu ne, da buta, da sandar kiwo, da aska. Da la'asar ta buɗe adakar a tsakar gida. Cukun ya yi fumfuna, man shanun ya zube ya jiƙa rigar Yunusu, ƙwari sun shiga geron. Abin da bai lalace ba ta ce a raba sadaka. Sassaƙen ta zuba a bayan gida. Da gari ya waye aka nuna mata kabarin, cikin jar ƙasa, ciyawa har ta fara tsirowa a gefensa.

Ta yi sati uku a gidan kafin a sami ayarin da zai koma arewa. Adakar ta bar wa matar Malam Tanimu. Kayan Isufu ta ɗaure a zane ɗaya, ta riƙe a cinya har Gusau.

A Tawa mutane suka yi ta zuwa ta'aziyya. Attaher ya zo, ya tsuguna a bakin ƙofa ya yi addu'a. Da zai tashi ta ce, "Kafaran, kwana huɗu ne." Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Uwar Isufu." Ta ce, "Na sani." Ba su sake tayar da zancen ba.

Ta koma saƙa, amma hannunta ya yi sanyi, tabarma ɗaya sai ta ci mata sati biyu. Ba ta da awaki, ba ta kuma sake saye ba. Bayan shekara uku idonta ya fara yana, ta daina bambance jar kaba da baƙa. Wata damina bangon ɗakinta na gabas ya faɗi, babu mai tayar da shi. Ɗan ƙanenta ya zo da jaki ya ɗauke ta zuwa Bambeye, aka ba ta bukka kusa da rumbu. Aikinta ya zama korar kaji daga shanya. Matan gidan sun ce ba ta da fitina, abin da aka ba ta shi take ci, sai dai in aka tambaye ta labarin jirgi takan ce ba ta tuna ba.

Ta rasu a 1956, da safiyar da ta biyo ruwan shuka na farko. Garin duk ya watse gonaki tun da sassafe. Liman da mutum shida ne suka yi mata sutura, suna gamawa suka ɗauki sungumi suka bi sauran.