Kanari da Dabbar Gwangwani

A zamanin Nasara na yi aikin kuku gidan wani Bafaranshe a Magarya. Yana cin wata dabbar teku mai hannuwa barkatai da ke zuwa a gwangwani, yana kuma son kanari a keji.

Dabbar ce ta dame ni, har na taka zuwa garin Kwaya wurin malaminmu.

"Malam, kifi ce ko ƙwaro?"

"Daga teku take? Hukuncin kifi gare ta. Dafa abinka."

Kanari kuwa ban tambayi kowa ba. Danƙo na yi ta shafa wa rassa ina kamo wa Bafaranshen, har na gaji. Gwangwani bai taɓa yankewa ba. Itacen gawon bayan gidanmu ne ya yi shiru, ba sauran kukan kanari. Allah Ya yafe mini.