Sili Ɗaya a Ƙafar Jaririya

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake.

Ɗazu wata mai jego daga Roni ta dire min safar da na saƙa wa 'yarta, ta ɗaga ƙafar jaririyar. Wani jan shati ya zagaye idon sawun kamar an ɗaure da waya.

Bakin safa da zaren roba nake haɗa shi, mai mannewa in ya sha guga. Mai sili da yawa laushi gare shi, mai sili ɗaya kuwa tauri yake yi.

Na wuce kasuwar Kazaure wajen dattijon da ya sayar min da zaren.

"Baba, ba mai sili da yawa na ce ba?"

"Haba 'yata, duk roba ce."

Na zura masa safar a yatsu uku. Nan da nan ya fizge hannu yana murzawa.

Ita kuwa jaririyar kwana biyu ta yi da ita, ba bakin faɗa.

Haushin kaina ma nake ji. Ranar da na saya, nauyin dattijon na ji, ban warware zaren a gabansa ba.

Ku faɗa min, kunyata ce jaririya za ta ɗauka a ƙafa?