Birkin Gefen Baba

Duk wanda ya koyi tuƙi a unguwar nan a hannun Malam Birki ya koya, kuma kowannensu ya san ƙafarsa ta dama kafin ya gama sanin fuskarsa. Motarsa ta koyarwa, wata 'yar fara mai jar alama gaba da baya, birki biyu gare ta: ɗaya a ƙarƙashin ƙafar ɗan koyo, ɗaya a gefen malam. A kan wannan na biyun ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya. Takalminsa na dama kullum shi ke riga na hagu mutuwa.

Tsakani da Allah ba mugu ba ne, mutum ne mai fara'a. Sai dai da allurar gudu ta doshi arba'in, za ka ji mota ta tsaya cik, goshinka ya kusa gaisawa da gilashi. Ka juyo ka tarar yana murmushi. "Ina za ka haka? Jiranka ake yi?" Abin har ya bi jikinsa. Ko motar haya ya shiga, sai ka ga ƙafarsa tana danna ƙasa inda babu komai. Matarsa kuwa ta rantse ko cikin barci yakan taka, ta sha farkawa da ƙaurinta yana zugi.

To, wannan bawan Allah shi ya haifi Auta. Yayyenta maza duk sun ɗauko tuƙin ubansu, sai mai keke ya wuce su suna ɗaga masa hannu. Ita kuwa tun tana rarrafe take sauri. Ya koya mata tuƙi kamar kowa, ya taka mata birki fiye da kowa. Da ta girma ta koyi kanikanci, ta samu aiki a garejin filin tseren motoci da ke bayan gari. Ran nan mai filin ya ce ta zaga da wata mota da ta gyara a ji lafiyar injin. Ta zaga ta dawo. Mutumin ya dubi agogonsa, ya girgiza shi, ya sake duba. Nan take ya ce yana so ta tuƙa masa a gasa mai zuwa. Auta ta ce tana so kamar ta yi me, amma sai babanta ya yarda.

"Baba, ba fa a kan titi ba ne," in ji ta, tana zuba masa shayi. "Babu 'yan makaranta, babu mai tsallakawa, babu kowa."

"Akwai ke," in ji shi. Ya ɗauki kofinsa ya shige ɗaki.

Gidan ya yi kwanaki ba daɗi. Shi ma abin na damunsa, don duk cikin 'ya'yansa ita ce ke sa shi dariya, ga shi yanzu gaisuwa kawai ke haɗa su. Sai wata safiya ta tare shi yana goge gilashin motarsa.

"Baba, ka zo ka zauna a gefena, zagaye ɗaya tak. Na ɗaura maka birki irin naka. In ka taka ko sau ɗaya ne, na haƙura, ba za ka ƙara jin maganar nan a bakina ba."

Ai kuwa bai tsaya tunani ba ya amsa. Shi da bai taɓa zama a mota bai taka ba? Uwar da ke jinsu daga kicin ta leƙo. "Auta, kin kuwa san da wa kike yi? Ki zo ki ga ƙaurina."

Da suka isa filin, ga motar nan shuɗiya, ta kwanta ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Cikinta babu kujerun baya, sai ƙarafa da aka gicciya, da warin mai da na roba. A gabansa kuwa ga birki nan sabo fil. Malam Birki ba yaro ba ne. Ya ce ta ɗan matsa gaba, ya taka, motar ta tsaya. Birkin gaske ne, yarinya ba ta yi masa wayo ba. Ya cire hularsa ya ninke, ta kifa masa hular kwano a kan furfura, ta ɗaure shi da bel ta ko'ina har ya ce, "Ni kaya ne?"

Ta ba inji wuta. Ƙarar ba ta kunne ya ji ta ba, ta ƙirji ta shigo.

Da ta saki kuloci, sai ya ji kujera ta rungume shi ta baya. Kafin ya gyara zama allura ta wuce arba'in ɗinsa ko sallama ba ta yi ba. Tamanin. Ɗari. Ƙafarsa ta tashi da kanta, kamar yadda ta saba, ta tsaya a saman birkin, saura ƙiris ta taka. Ga kwana ta farko ta taho a guje, duk jikinsa yana cewa yanzu, yanzu, yanzu. Auta ba ta taka ba. Ya juya zai yi mata tsawa.

Abin da ya gani shi ya rufe masa baki. Hannayenta biyu suna kan sitiyari daidai inda ya ɗora mata su tun tana 'yar koyo. Kafaɗunta a sake. Idonta ba a kan hancin mota yake ba, yana can gaba inda kwanar ta ƙare. Kullum abin da yake faɗa wa ɗalibai ke nan, ka kalli inda za ka, kuma kullum ba sa ji. Sannan ta taka, taka ɗaya mai ƙarfi, ta sauke giya, motar ta lanƙwasa ta fice sumul, ko ƙara taya ba ta yi ba.

Malam Birki ya sa hannu biyu ya kamo gwiwarsa, ya janye ƙafar nan da ƙarfin tsiya, ya tura ta ƙarƙashin kujera.

Kwana ta biyu ya riƙe numfashi. Ta uku ya ji kansa yana karkata tare da motar. Suna fita sai ga miƙaƙƙiyar hanya shimfiɗe, babu kowa a kai. Auta ta ba ta wuta. Ɗari da sittin. Ɗari da tamanin. Shingen gefe ya narke ya zama zare ɗaya fari. Iska na dukan gilashi, kumatunsa na kaɗawa cikin hula, wani daɗi ya taso masa tun daga ciki wanda bai taɓa sanin akwai irinsa a mota ba. Sai ya ji wani yana ƙyaƙyata dariya. Ashe shi ne.

"Iyakarta ke nan?" ya ɗaga murya.

"Me ka ce, Baba?"

"Na ce ƙara mata!"

Allura ta taɓa ɗari biyu, ta ɗan gota.

Da suka tsaya, sai da kanikawa biyu suka taimaka aka zaro shi. Idonsa ya kawo ruwa, shi ya ce iska ce, ko da yake gilashi a rufe yake. Auta ta cire hularta ta tsaya tana kallonsa. Hukuncinsa take jira.

"A kwana ta biyu kin makara wajen sauke giya," in ji shi.

"To, Baba."

"Miƙo min sifana."

Ya durƙusa a bakin ƙofa da kayansa masu guga, ya cusa kai ƙarƙashi, ya kwance notukan birkin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya fito da birkin a hannu, ya share shi da gefen rigarsa, ya saƙale a hammata.

"Wannan nauyi kawai zai ƙara miki ranar gasa," ya ce. "Ki ce su ajiye min kujera a gaba, kusa da kwanar nan ta farko."