Mama Mildred, Injiniya Ya Zo

Ranar Talata, tara ga Afrilu, ina kan babur ina jiran fasinja a Kafanchan, matata ta kira ni ta ce Mama Mildred Dogara ta rasu. Na kashe babur na zauna a bakin hanya.

Mama, kin koyar a firamare har kika yi ritaya, sannan kika shiga sayar da citta a kasuwar Kachia. Amma babban aikinki shi ne mu, waɗanda suka gama karatu suka rasa aiki. Ranar da na kawo miki takarduna ina ƙorafi, ko buɗe su ba ki yi ba. Kika ce, "Meshak, satifiket ba shi da baki. Ni ina wanke citta, in shanya, in kai wa mai so. Kai wa ka kai wa kanka?"

Ba abin da kika tsana kamar mutum ya rusuna gaban babba ya ce, "Kowane aiki, yallaɓai." Kin sa na yi ta maimaita sunana, da karatun noma da na yi, da amfanin da zan yi wa kamfani, har na ji haushinki. Kin lura manyanmu na Abuja da Kaduna ba sa zuwa gida sai jana'iza, don haka kikan sa mu goge riga mu raba ruwa a rumfar manya, ki ja hannunmu ki gabatar da mu. Wasu sun ce rashin kunya ne. Da wannan rashin kunyar Doreen ta zama nas, Gershon ya shiga banki.

Ni kuwa Injiniya Jason kika ajiye mini, tsohon ɗalibinki mai kamfanin sarrafa citta a Kaduna, wanda ya daina zuwa gida. Duk lokacin da na gaji da jira, sai ki yi dariya ki ce, "Zai zo, ko a jana'izata ne."

Ya zo, Mama. Na gan shi a rumfa ranar jana'izarki, na tsaya daga nesa, sai Hajiya A'i, maƙwabciyarki a kasuwa, ta tura ni tana kuka, ta ce, "Je ka, ɗana, abin da ta so ke nan." Na je, na faɗi komai yadda kika koya mini. Ya ba ni lambarsa. Na kira, bai ɗauka ba tukuna, kuma ba ni da wanda zan tambaya ko a jira ko a sake kira.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da mijinki Baba Obadiah, da 'ya'yanki, da matan zumunta na coci, da mu da kika bari a layi. Na goge rigar, Mama. Gobe zan sake kira.