Bidiyon 'Yata a Shagon Turi

'Yata ta uku sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Tun tana rarrafe ba ta san zama ba. In an ajiye ta a tabarma, kafin uwarta ta juya ta ɗauko ludayi ta kai bakin zaure. Da ta shiga makaranta sai abin ya fito fili. Ba daƙiƙiya ba ce. In ka ba ta labari sau ɗaya za ta maimaita maka shi har da irin muryar da ka yi. Amma a ce ta zauna a benci ta kwafi abin da ke kan allo, to a nan ake yin ta. Ta leƙa taga, ta taɓa kan wannan, ta amsa tambayar da aka yi wa waccan. A Islamiyya aka ce rashin kunya ne, a boko aka ce rashin ji. Ta sha bulala har ta daina yi mata kuka. Daga ƙarshe hedimasta ya kira ni, ya ce shi ya gaji da ƙarar malamai, in ba ta canja ba in ajiye ta a gida.

Ni kuwa sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, na san abin da zaman gida yake jawo wa mutum. Na ce ko me za a yi, wannan yarinya ba za ta bar makaranta ba.

Wani malamin asibiti a Kura ya ba mu shawara mu kai ta birni. A can likita ya daɗe yana yi mana tambayoyi, ni da maiɗakina, yana kuma kallon yadda take zagaye ofishinsa. Ya ce ba iska ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba ne, lalura ce ta kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, a Turance ana ce mata ADHD. Ya rubuta mata ƙwaya, ya faɗa mana yadda za mu riƙa bi da ita, sannan ya haɗa mu da wata ma'aikaciya mai kula da irin waɗannan yara.

Ita ce ta kawo maganar sauraro. Ta nuna mana hedifon, abin nan mai rufe kunnuwa biyu, ta sa mini na ji. Kiɗa ne mai sanyi, ba waƙa a ciki, wani lokaci ya yi kauri wani lokaci ya sirance kamar ana tace shi a rariya. Ta ce yarinyar za ta riƙa saurara na ɗan lokaci kullum, murya ƙasa-ƙasa, tana zane ko wani aikin hannu. Ba ta ruɗe mu ba. Ta ce, "Baba, wannan ba ya warkarwa, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya. Ɗori ne a kan magani. Wasu yaran yana taimaka musu su natsu, wasu ba ya yi musu komai. Mu gwada mu gani." Ta zuba mana kiɗan a memorin wayata. Ta kuma roƙi mu ɗauki yarinyar a bidiyo tana aikin makaranta kafin a fara, mu sake ɗauka in an kwana biyu, don likita ya ga yadda take a gida.

Maiɗakina ta ce ni zan ɗauka, ita za ta zauna da ita. Bidiyon farko ba abin da uba zai so ya sake kallo ba ne. Yarinyar ta yi wurgi da fensir, ta hau turmi, ta sauko ta yi birgima a ƙasa tana ihu, majina da hawaye sun haɗe da ƙura a fuskarta. Uwarta na ta lallashi, da ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali, yadda mace take a cikin gidanta. Na ɗauka ne don idon likita kaɗai.

Muka fara. Bayan la'asar, in na dawo daga ban ruwa, sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta sa hedifon tana tsintar tsakuwa daga shinkafa ko tana zana kaji, ni kuma ina gefe ina fama da nawa aikin ajin. Ban san ko ƙwayar ce ta yi aiki ba, ko kiɗan, ko zaman da muke yi tare. Abin da na sani shi ne, in ta cire hedifon takan iya gama shafi guda kafin ta tashi. Ƙarar malamai ta ragu. Ita da kanta take tuna mini, "Baba, lokacin kiɗana ya yi." Na ɗauki bidiyo na biyu tana zaune tana rubutu, harshenta a waje kaɗan saboda himma.

Ana tsakiyar ɗiban tumatir memorin ya fara cijewa, kiɗan ya riƙa tsayawa. Ba halin zuwa birni a irin wannan lokaci, kwanduna na jiran mota. Sai na kai wayar shagon turi da ke bakin hanyar makarantarsu, inda ake zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai. Mai shagon magidanci ne, na san mahaifinsa, gonakinmu kanal ɗaya suke sha. Na ce ya mayar mini da kiɗan cikin sabon memori. Ya tambaye ni na mene ne, na faɗa masa, don ban ga abin ɓoyewa ba. Ashe al'adar masu turi ce, duk memorin da ya shiga kwamfutarsu sai sun kwashe abin da ke ciki kaf, ba tambaya. Da haka rumbunsu yake cika.

Ba a daɗe ba, wata safiya ina buɗe wa albasa ruwa, wani taubashina ya tsaya da babur a kan gaɓar kanal yana dariya.

"Uban jaruma! Ashe fim kuka fara ba labari? To ni dai a ba ni fitowar mai gadi."

Na ce, "Kai dai ba ka rabo da shiririta. In fitowa kake so, ga fatanya, fito ka taya ni."

"Wallahi ba wasa nake ba. 'Yarka ce a shagon turi, tun jiya ake kallo." Da ya ga fuskata sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Au, ba da saninka ba ne? Hau mu je."

Tun daga nesa na ji muryarta a lasifika, ihun nan nata na ranar. Mai shagon ya juyo da fuskar kwamfuta waje. 'Yan acaɓa sun jingine babura, masu jiran a gyara musu shinkafa a inji sun tsallako, har da 'yan makaranta da jakunkuna a baya. Ga tsakar gidana, ga turminmu, ga maiɗakina da ɗaurin ƙirji a gaban ƙartin gari. An haɗa bidiyon biyu wuri ɗaya. A saman na farko an rubuta KAFIN, a saman na biyu BAYAN, na karanta su da kaina. Sannan muryar mai shagon ta hau kai, irin ta masu tallar maganin gargajiya a mota: ga sautin da ke maganin ƙiriniya, taurin kai da daƙiƙanci, daga ƙasar waje, ba asibiti ba ƙwaya, a sa wa yaro a kunne a ga aiki da cikawa.

Da aka zo wurin birgimar sai wani ya ce, "Maimaita nan! Maimaita nan!" Aka maimaita. Wani mai cin rake ya yi dariya har ya ƙware, ya tofar da tuƙar a gefen ƙafata. Na taɓa shiga ramin da ake zubar da ruɓaɓɓen tumatir har gwiwa don in ciro akuya, ban ji ƙyamar da na ji a bakin shagon nan ba.

Mai shagon ya hango ni ya washe baki. "A'a, Baba! Sannu da zuwa. Ku ba shi benci, shi ne mahaifinta. Ku tambaye shi ku ji in ƙarya nake."

Na ce, "Kashe."

"Baba, ai taimako ne. Ka san iyaye nawa ke fama da irin wannan? Lada kake samu kana zaune."

"Wa ya ba ka?"

"Ai a memorinka yake. Kuma fa ba a faɗi sunanta ba."

Wata yarinya cikin 'yan makarantar ta ce, "Ajinmu ɗaya." Aka sake fashewa da dariya.

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba. Na tsaya a kansa har ya goge a gabana, yana ƙunƙuni wai mutanen ƙauye ba su san ci gaba ba. Da ya gama ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Na goge nawa. Na wayoyin mutane kuma sai dai ka bi su gida-gida." Duk wanda ya sayi kiɗan, da bidiyon aka haɗa masa, kyauta.

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Aka kira mai shagon da mahaifinsa, tsohon ya sunkuyar da kai, na ji tausayinsa. Shi kuwa ɗan ya ba da haƙuri yana duba waya. Kowa a zauren ya juyo kaina: ai kai mai haƙuri ne, an san ka, a bar maganar. Na lura tun ina yaro, wanda aka sani da haƙuri shi ake fara kai wa kwanon a ce ya ƙara. Na ce na ji. Amma har yau in na hango shagon nan sai na kau da kai kamar na ga mushe.

Abin bai tsaya a kan gidana ba. A masallaci wani ya matso bayan sallama ya raɗa mini, wai da gaske ne in an sa kiɗan a daina ba yaro maganin asibiti? Nasa ɗan farfaɗiya yake da ita. Na riƙe hannunsa na rantse masa cewa 'yata ba ta taɓa fashin ƙwayarta ba, kuma ciwonsu ma ba ɗaya ba ne. Ya dube ni kamar ina yi masa rowa.

Maiɗakina ta daina zuwa biki da suna na wani lokaci. Amma babba ce, ta san yadda za ta haɗiye. Yarinyar ce abin ji. A makaranta suka sa mata Kafin-da-Bayan. In malami ya juya baya sai wani ya kwanta a ƙasa ya kwaikwayi birgimar. Ta yi faɗa, ta ciji wata, aka sake kirana. Washegari ta sa kayan makaranta, muka fito tare, da muka kusa shagon sai ta tsaya cak. Na ja hannunta, ta ƙanƙame wani turken rumfa. Da la'asar na ɗauko hedifon, ta fizge ta jefa shi bayan randa.

Na ce, "Uwata, ai kiɗanki ne."

Ta ce, "Ɗaukata za ka yi."

"Ba zan ɗauke ki ba."

"Ai da ma ka ce likita ne kawai zai gani."

Na ɗauko hedifon na goge masa laka na ajiye.

Da na sami sarari na koma birni ni kaɗai na faɗa wa ma'aikaciyar. Ta ce kada a tilasta wa yarinyar, abin da aka yi don natsuwa ba a yin sa da kokawa. A ci gaba da ƙwaya, a bar sauraron sai ranar da ta nema. Ta kuma rubuta wa hedimasta bayani, ya karanta, ya tara malamai, ya ja wa 'yan ajin kunne. Wannan ya rage, bai kashe ba.

Saura hanya. Akwai wata da ke bi ta gaɓar kanal, ta zagaya bayan gonakin shinkafa ta ɓullo ta bayan makaranta. Tana da nisa, kuma ba a barin yarinya irinta ita kaɗai a bakin ruwa. Sai na riƙa ɗaukarta a keke kowace safiya. Safiya kuwa ita ce lokacin da ake sako mana ruwa, in ka makara na sama sun tare. Albasata ta ji jiki a shekarar, taubashin nan nawa ne yake buɗe mini in ya gama nasa, yana mita wai ya zama ɗan ƙodagon uban jaruma. Ban taɓa jin ya faɗi haka a gabanta ba.

Ba ta bar makaranta ba, yanzu tana ajin gaba. Hedifon dai ba ta sake sa shi ba. Sai can da damina ta faɗi, wata rana ina aikin ajina a ɗaki, ta shigo ta tsaya tana murza bakin labule. Ta ce in kunna mata, amma ba a kunne ba, kuma ba a tsakar gida ba. Na kunna a wayar, murya ƙasa-ƙasa. Ta tura ƙofa ta rufe. Ta karɓi wayar daga hannuna, ta duba gabanta da bayanta, ta kife ta a ƙasa, ta ɗora murfin kwano a kai. Kiɗan yana fitowa a dakushe, da ƙyar ake ji. Ta zauna ta buɗe littafinta.

Haka muke yi har yanzu, kuma ita take kife wayar da hannunta, ba ta yarda ni in yi.